Daga Montgomery zuwa Memphis da ambulan ɗin hotuna

Shekara 11 na yi ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a Kano, kuma a tsawon waɗannan shekaru akwai wani hoto da na yanko daga wata tsohuwar mujalla na manna a bangon ajina: wata mata baƙar fata sanye da hula tana zaune a cikin motar safa tana duban taga, a bayanta kuma ga wani Bature cikin kwat. A ƙarƙashin hoton na rubuta da hannuna cewa wannan ita ce Rosa Parks a ranar 1 ga Disamba 1955, ranar da ta ƙi tashi ta bar wa farar fata kujerarta a garin Montgomery na jihar Alabama a Amurka. Duk ɗalibin da ya ratsa ta ajina ya karanta wannan rubutu, wasu ma sun kawo shi a jarrabawa na ba su maki. Sai da na je Montgomery da ƙafata, a cikin ayarin yara 'yan shekara 16, sannan na san cewa abin da na rubuta ba haka yake ba.

Wani shirin musayar malamai ne ya kai ni Amurka na mako shida, aka haɗa ni da wata malamar tarihi a wata sakandare da ke bayan garin Atlanta, a jihar Jojiya. Dattijuwa ce baƙar fata wadda ta kusa ritaya, kuma kowace shekara takan ɗebi 'yan ajinta ta kai su garuruwan da aka yi gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata a kudancin ƙasar. Tafiyar bana ta faɗo a lokacin da nake wurinsu, sai ta ce in zo mu je. Yara 28 ne, baƙaƙe da farare da 'ya'yan baƙin haure daga ƙasashe dabam-dabam, kuma kafin mu bar Atlanta duk sun koyi kirana Malam, domin sunana ya gagari harshensu. Na zaci zan ga an loda littattafai a mota. Abin da malamar ta riƙo shi ne babban ambulan mai ruwan ƙasa, cike da hotuna marasa launi da aka lulluɓe da leda don kada su lalace, ba rubutu ko ɗaya a jikinsu, gaba da baya.

Montgomery muka fara sauka, bayan tafiyar kimanin awa biyu da rabi. Muka tsaya a wani dandali mai maɓuɓɓugar ruwa a tsakiyar gari, inda a zamanin bauta ake gwanjon bayi, kuma a nan ne Rosa Parks ta hau motar a yammacin ranar da aka kama ta. Malamar ta raba hoton nan nawa na bango, kowane yara biyu da kwafi ɗaya, ta ce su yi shiru na minti uku suna kallo, bayan haka kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani kawai, ban da abin da ya sani ko ya taɓa ji. Minti uku a gaban hoto ɗaya ba ƙaramin lokaci ba ne ga yaron da ya saba shafa fuskar waya yana wuce hotuna goma kafin ƙiftawar ido, kuma ni kaina na ƙosa tun minti ɗaya bai cika ba. Da lokaci ya cika, yaron farko ya ce ya ga jarumar da ta ƙi tashi, sai malamar ta tambaye shi ta ina ya ga ƙin tashi a jikin takardar. Ya sake dubawa ya ce ya ga mace a zaune, da namiji a zaune, da kujeru. Wata yarinya ta ce babu wanda ke fushi a cikin hoton, kuma hasken rana ne, alhali an ce da yamma aka kama ta bayan ta taso daga aiki.

Sai a lokacin malamar ta ba da labarin. Babu mai ɗaukar hoto a cikin motar a ranar 1 ga Disamba 1955. Hoton da muke riƙe da shi an ɗauke shi ne ranar 21 ga Disamba 1956, bayan baƙar fatar garin sun shafe kwana 381 suna ƙaurace wa motocin, kotun ƙoli kuma ta haramta wariya a cikinsu. 'Yan jarida ne suka roƙe ta ta shiga ta zauna a gaba don su samu abin bugawa, Baturen da ke bayanta kuwa ɗan jarida ne mai suna Nicholas Chriss. Haka ma hoton da ake ganin ɗan sanda yana ɗaukar zanen yatsunta, da wanda take riƙe da allo mai lamba 7053, duk na watan Fabrairu 1956 ne, lokacin da aka gurfanar da kusan mutum 90 na jagororin ƙauracewar. Ina tsaye a bayan yaran, kunya ta rufe ni kamar in nutse, na kuma gode wa Allah da babu wanda ya san abin da ke manne a bangon wani aji a Kano. Da daddare na faɗa wa malamar, ta yi dariya ta ce ita ma ta yi shekaru tana koyar da shi haka.

Abin da ya fi zama a raina shi ne tambayar da ta yi wa yaran daga baya: idan an ce hoton shirya shi aka yi, to ƙarya ne? Suka rabu biyu, aka yi ta musu a gefen titi. Ita ba ta raba gardamar ba, sai dai ta ƙara musu itace a wuta. Ta ce matar da hoton ya nuna kamar wata baiwar Allah mai ɗinki da gajiya ta hana ta tashi, sakatariyar reshen garin ce na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, ta daɗe tana tattara bayanan zaluncin da ake yi wa baƙar fata. Kuma wata tara kafin nata kamun an kama wata yarinya 'yar shekara 15 mai suna Claudette Colvin a kan wannan laifi ɗaya. Dubban masu aikatau da suka yi shekara guda suna takawa a ƙasa zuwa gidajen iyayen gidansu, da matan da suka kwana suna buga takardun kiran ƙauracewa, duk hoton bai ɗauko su ba. Ya ɗauko mutum ɗaya mai natsuwa, kuma da shi duniya ta riƙe labarin.

Da la'asar muka hau wani tudu inda aka gina wurin tunawa da baƙar fatar da gungun mutane suka kashe ba tare da shari'a ba, wanda aka buɗe a 2018. Ginshiƙan ƙarfe sama da 800 ne a rataye, kowanne na wakiltar gunduma ɗaya, ɗauke da sunayen mutum fiye da 4,400 da aka hallaka tsakanin 1877 da 1950, a bakin shiga kuma akwai mutum-mutumin bayi cikin sarƙa da wani ɗan Ghana, Kwame Akoto-Bamfo, ya ƙera. A nan malamar ba ta buɗe ambulan ba. Ta dai gaya wa yaran cewa akwai hotunan irin waɗannan kashe-kashe da yawa, waɗanda makasan da 'yan kallo suka ɗauka da kansu, suna tsaye suna murmushi a gindin bishiyar, har ana buga su a katin gaisuwa ana aikawa ta gidan waya, kuma ita ba ta raba su a aji, domin an ɗauke su ne don a wulaƙanta mamacin.

Washegari muka kama hanyar Selma, kilomita 87, hanyar da masu macin neman haƙƙin zaɓe suka taka a ƙafa cikin kwana biyar a watan Maris 1965, sai dai mu mun biyo ta ne ta baya. Selma ƙaramin gari ne da talauci ya bayyana a fuskarsa, shaguna da yawa a rufe, gine-gine sun tsufa. Muka ajiye mota muka taka zuwa gadar Edmund Pettus, wadda har yau ke ɗauke da sunan wani janar na sojojin da suka yi yaƙi don kare bauta. Hoton wannan wuri na Spider Martin ne, mai ɗaukar hoto na wata jaridar Birmingham, ya ɗauke shi ranar Lahadi 7 ga Maris 1965: a gefe ɗaya jagororin tafiyar, John Lewis da Hosea Williams, a gaban layin masu maci, a ɗaya gefen 'yan sandan jiha da hulunan kwano da kulake, tsakaninsu 'yar tazarar kwalta. Kwamandan 'yan sandan ya ba su minti biyu su watse, amma kafin minti biyun su cika aka far musu da duka da barkonon tsohuwa da dawakai, aka fasa wa Lewis ƙoƙon kai, yana ɗan shekara 25.

Malamar ta jera yaran biyu-biyu a kan hanyar ƙafa ta gefen gadar, kamar yadda mutum kusan 600 suka jeru a ranar, ta ce kada wanda ya yi magana har sai mun sauka. A nan na ga abin da babu hoton da ya taɓa nuna mini. Gadar tana da doro, tana hawa ne a hankali, kuma wanda ya taso daga cikin gari ba ya ganin abin da ke ɗaya ƙetaren sai ya kai ƙololuwa. Ke nan masu macin ba su ga rundunar da ke jiransu ba sai da suka iso tsakiya, kogin Alabama na can ƙasa nesa, ɗaruruwan mutane kuma na biye da su a baya, babu wurin juyawa. Na leƙa ruwan ta tsakanin ƙarafunan, ni da ban iya iyo ba, na ji ƙafafuna sun yi sanyi. Da muka sauka, malamar ta sa yaran su nemo daidai inda Martin ya tsaya. Suka yi ta kai da komo da hoton a hannu suna gwada shi da titi, har suka yarda cewa a gefe yake, kusa ƙwarai, a wurin da aka bar 'yan jarida su tsaya. Wani yaro ya tambaya me ya sa bai ajiye kyamara ya taimaki waɗanda ake duka ba. Ta ce wani mai ɗaukar hoto na wancan zamani, Flip Schulke, ya ba da labarin cewa ya taɓa yin haka a wannan gari, ya shiga tsakanin 'yan sanda da yara, amma Martin Luther King, babban jagoran gwagwarmayar, ya yi masa faɗa daga baya, ya nuna masa cewa saboda bai ɗauki hoton ba duniya ba za ta san abin ya faru ba.

Wannan ya buɗe wata magana da ban taɓa kawo ta a ajina ba, wato cewa jagororin gwagwarmayar sun san darajar kyamara sarai, kuma da ita suke lissafi. Sun zaɓi Selma ne saboda a gundumar, cikin baƙar fata kusan 15,000 da suka isa zaɓe, 'yan ɗaruruwa kaɗan ne ke da rajista, kuma saboda sun san shugaban 'yan sandan gundumar, Jim Clark, mutum ne mai saurin hannu wanda ba zai iya danne zuciyarsa a gaban 'yan jarida ba. A daren ranar wata babbar tashar talabijin ta katse fim ɗin da take nunawa a kan shari'ar 'yan Nazi ta saka hotunan gadar. Wata biyar bayan haka, ranar 6 ga Agusta 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar kare haƙƙin zaɓe. Wasu yaran ba su ji daɗin wannan bayani ba, sun ga kamar yana rage wa masu macin daraja. Ni a ganina ƙara musu yake yi, domin wanda ya san za a doke shi, ya shirya, ya saka kwat ya rataya jaka ya tafi, ya fi wanda tsautsayi ya rutsa da shi ƙarfin zuciya.

Birmingham ce ta fi ɗaukar mana lokaci. Filin Kelly Ingram, wanda a hotuna nake ganinsa kamar wani makeken fagen fama, ashe ɗan ƙaramin lambu ne da za ka kewaye cikin 'yan mintuna, kuma cocin da yara suka riƙa fitowa daga cikinta rukuni-rukuni don zanga-zangar ƙin wariya a farkon Mayu 1963 tana nan a kusurwarsa, tsallaka titi kawai. Cocin nan ce aka dasa wa bam ranar 15 ga Satumba na shekarar, 'yan mata huɗu suka mutu, uku 'yan shekara 14, ɗaya 'yar 11. Muka zauna a kan ciyawa, aka raba hoton da Bill Hudson na kamfanin dillancin labarai na AP ya ɗauka ranar 3 ga Mayu: ɗan sanda mai baƙin tabarau ya shaƙo rigar wani matashi, kare kuma ya yi tsalle ya kai masa cafka a ciki. Washegarin ranar hoton ya fito a shafin farko na jaridar New York Times, Shugaba Kennedy ma ya ce ganinsa ya tayar masa da zuciya.

Yanzu yaran sun fara gane hannun malamarsu, ba su yi gaggawa ba. Ɗaya ta lura cewa hannun matashin yana riƙe da hannun ɗan sandan. Wani ya ce gwiwarsa a ɗage take, ta yiwu faɗuwa zai yi, ta yiwu kuma karen yake tokara. Wata ta ƙirga mutanen da ke baya, ta ce yawancinsu ba ma wajen suke kallo ba. Sannan aka gaya musu cewa sunan yaron Walter Gadsden, shekararsa 15, kuma ba ya cikin masu zanga-zangar, kallo ya zo yi, kamar yadda shi da kansa ya faɗa bayan shekaru. Malamar ta tashe mu ta kai mu gaban wani mutum-mutumi da aka kafa a filin bisa wannan hoto, ta ce a gwada su. A hoton yaron dogo ne, ya kai ɗan sandan tsawo; a ƙarfen kuwa an mayar da shi ƙaramin yaro yana baya-baya, an ƙara wa karen muni. Nan ma gardama ta tashi a kan ko maƙerin yana da ikon yin haka. Wani yaro baƙar fata, wanda tun Atlanta bai ce uffan ba, ya ce shi abin da ya dame shi shi ne duk hotunan da suka yi suna baƙar fata ne a ƙasa ana dukansu, ko ana watsa musu ruwa da tiyon 'yan kwana-kwana, kamar ba su taɓa yin komai ba sai shan wuya. Malamar ta dube shi na ɗan lokaci, ta zaro wasu hotuna daga ƙasan ambulan ɗin: taron tsara aiki a cikin coci, tsohuwa tana koyon cike takardar rajistar zaɓe, matasa suna dariya a bayan motar 'yan sanda. Ta ce waɗannan ma an ɗauka, editocin manyan jaridu ne ba su zaɓe su ba, kuma jaridar garin ita kanta ta ajiye dubban hotunan wancan zamani a wani ɗakin ajiya, ba a buga su ba sai a 2006.

A nan ne kawai na sa baki a darasin, da izininta. Na gaya wa yaran cewa mako uku bayan ɗaukar wannan hoto shugabannin Afirka suka taru a Addis Ababa don kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, cikinsu har da firaministan ƙasata, Abubakar Tafawa Balewa, kuma Milton Obote na Uganda ya rubuta wa Kennedy buɗaɗɗiyar wasiƙa a kan abin da ya faru a Birmingham, taron ma ya nuna damuwarsa da wariyar da ake yi a Amurka. A lokacin Amurka na zawarcin sababbin ƙasashen Afirka don kada su karkata ga Tarayyar Sobiyet, saboda haka karen nan ya ciji gwamnatin Washington a wurin da take jin zafi. Yaran ba su taɓa jin wannan ɓangare ba, kuma na ji daɗin cewa ban zo hannu rabbana ba.

Hanyar Memphis ta ratsa arewacin jihar Mississippi, kuma a cikin mota ne aka yi darasin da ya fi yi mini nauyi. Malamar ta tashi tsaye ta ba da labarin Emmett Till, yaro ɗan shekara 14 daga Chicago da ya zo hutu wurin dangi a Agusta 1955, aka zarge shi da yi wa wata farar mata rashin kunya a kanti, aka ɗauke shi da tsakar dare, bayan kwana uku aka tsamo gawarsa daga kogin Tallahatchie da ƙarfen injin auduga ɗaure a wuyansa. Mahaifiyarsa, Mamie, ta ce a bar akwatin gawar a buɗe domin mutane su ga abin da aka yi wa ɗanta, ta kuma yarda mujallar Jet ta baƙar fata ta buga hoton fuskar. Wannan hoto shi kaɗai ne malamar ta saka a wani ƙaramin ambulan na dabam, ta ce wanda ke so ya buɗe, wanda ba ya so ya miƙa gaba, babu maki a ciki.

Da ya iso hannuna na daɗe ina riƙe da shi. Mu an raine mu ne a kan suturta mamaci: a yi masa wanka a ɓoye, a rufe shi da likkafani, a gaggauta kai shi makwancinsa, wanda ya yi wankan kuma ba ya faɗin abin da ya gani. Ina cikin masu faɗa a duk lokacin da aka yi haɗari ko hari a wajenmu mutane suka zaro waya suna ɗaukar gawarwaki suna watsawa a WhatsApp. To ga uwa ta ɗauki akasin wannan hanya da gangan, kuma da ba ta yi haka ba da ɗanta ya bi sahun dubban sunayen da muka gani a kan tudun Montgomery. Bambancin da na iya gani shi ne ita ce mai gawar, ita ta yanke shawara, kuma ta san abin da take nema da ita. Mai wucewa da ya ɗauki gawar ɗan wani ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Na buɗe, na duba, na mayar. Yarinyar da ke kujerar gabana ba ta buɗe ba, kuma babu wanda ya ce mata don me.

Hoto na biyu na wannan labari an ɗauke shi ne a kotu, a garin Sumner, a watan Satumba. Wani dattijo baƙar fata, Mose Wright, kakan yaron ta wajen dangi, ya miƙe a gaban kotu cike da fararen fata ya nuna mutanen da suka zo gidansa da yatsa, abin da a Mississippi ta wancan lokaci daidai yake da sayen likkafani. Alƙali ya hana ɗaukar hoto yayin zaman kotu, amma wani mai ɗaukar hoto baƙar fata daga Memphis, Ernest Withers, ya saci jiki ya ɗauka. Masu taya alƙali yanke hukunci, dukkansu farare, sun wanke waɗanda ake tuhuma cikin minti 67, bayan 'yan watanni kuma mutanen biyu suka amsa laifin a wata mujalla da ta biya su kuɗi. Malamar ta ce mu riƙe sunan Withers, za mu sake haɗuwa da shi.

A Memphis, masaukin Lorraine yana nan yadda yake, an mayar da shi gidan tarihi tun 1991, da tsofaffin motoci biyu a ƙasa da furanni a rataye a barandar ɗaki mai lamba 306, inda aka harbe King ranar 4 ga Afrilu 1968. Abin da ya kawo shi garin yajin aikin masu kwasar shara ne, su kusan 1,300, wanda ya ɓarke bayan motar shara ta murƙushe ma'aikata biyu da suka fake a cikinta saboda ruwan sama. Hoton yajin da kowa ya sani na Withers ne: ɗaruruwan maza a jere, kowa da kwali mai rubutu iri ɗaya, wanda ma'anarsa ita ce "Ni mutum ne". Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin a wancan zamani farar fatar kudu "yaro" yake kiran baƙar fata ko da ya yi furfura, kuma mun san nauyin kalmar idan aka jefi dattijo da ita. Yaran suka yi mintinsu uku, suka yaba yadda aka tsara hoton, suka ce wannan kam ɗan gida ne ya ɗauka, mutumin da masu yajin suka amince da shi.

Sai malamar ta gaya musu cewa a 2010, shekara uku bayan rasuwar Withers, wata jaridar Memphis ta bankaɗo takardun da suka nuna cewa ya yi shekaru yana kai wa FBI, hukumar binciken gwamnatin tarayyar Amurka, rahoto da hotunan 'yan gwagwarmayar, ana biyansa. Ta ƙara da hoton barandar, wanda Joseph Louw, ɗan Afirka ta Kudu da ya sauka a masaukin, ya ɗauka jim kaɗan bayan harbin: King a kwance, abokansa suna nuna inda harsashin ya fito, wani mutum kuma a durƙushe a kansa yana ƙoƙarin tsayar da jinin. Mai durƙuson ɗan sandan ciki ne da aka cusa cikin wata ƙungiyar matasan baƙar fata ta garin. Wurin ya yi tsit. Yaron nan na Birmingham ya tambaya ko za ta daina amfani da hotunan Withers. Ta ce shekara da shekaru tana yi wa kanta wannan tambaya, kuma har yanzu suna cikin ambulan ɗin, tare da na Mose Wright. Aikin da ta ba su na ƙarshe shi ne kowa ya zaɓi hoto ɗaya ya rubuta masa bayani na layi uku, wanda babu kalma ɗaya a ciki da ba zai iya kare ta ba. Na ga yara da ke cika shafi biyu cikin rabin awa sun zauna a kan dakalin gidan tarihin suna gogewa suna sakewa har rana ta faɗi.

Da na dawo Kano, ranar Litinin ta farko na ɓamɓare takardar da ke ƙarƙashin hoton bangon, na kai hoton shagon masu kwamfuta aka buga mini kwafi 30, domin ajina mutum 60 ne da 'yan kai. Na raba musu biyu-biyu, na ce minti uku ba magana, abin da ya ba su mamaki, don sun saba da in shigo in ce a fito da littafin rubutu. Waɗanda suka riga suka haddace tsohon rubutun suka fara karanto mini shi da ka, na ce ban tambaye su abin da suka sani ba. Aka ɗan yi shiru. Can daga layin baya wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, an ce motar ta cika ne shi ya sa aka ce ta tashi. To ina sauran fasinjojin?"